Zagayen ƙarshe na Abu Dhabi a 2021: wa ya kamata a ɗora wa laifi?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar tseren Formula 1. Jiya da daddare na sake zama na kalli tseren Abu Dhabi na ranar 12 ga Disamba, 2021, tun daga tashi har ƙarshe, kuma zuciyata ta yi zafi kamar yau abin ya faru. Kowa a zauren nan ya san ni magoyin bayan Lewis Hamilton na ƙungiyar Mercedes ne. Shi da Max Verstappen na ƙungiyar Red Bull sun shiga filin Yas Marina da maki 369.5 kowannensu, abin da ba a ga irinsa a tseren ƙarshe na shekara ba tun 1974. Hamilton ya ƙwace jagoranci tun daga tashi, ya riƙe kusan duk tseren, ya ba da tazarar da ta haura daƙiƙa 10, saura zagaye biyar a gama. Sai Nicholas Latifi na ƙungiyar Williams ya daki bango, motar kariya, wadda ke shiga gaban motocin tsere ta rage musu gudu idan an yi haɗari, ta fito, kuma cikin 'yan mintuna aka mayar da wahalar shekara guda ta koma zagaye ɗaya tak, tsakanin Hamilton mai tsohuwar taya da Verstappen mai sabuwa. Ni a ganina wannan kambu da Verstappen ya ɗauka na sata ne. Duk wanda yake da hujjar da ta saɓa wa haka, ina roƙonsa ya kawo ta mu tattauna cikin mutunci.

Auwalu Maraɗi

Wa alaikumus salam, Yaya. Da girmanka, amma kalmar sata ta yi nauyi, domin sata sai da ɓarawo, kuma ina so ka nuna mini abin da Verstappen ya ɗauka wanda ba a miƙa masa bisa umarnin masu kula da tsere ba. Ƙungiyarsa ta kira shi ya canza taya, ya canza. An ce a ci gaba da tsere, ya ci gaba. Ya sha gaban Hamilton a kwana ta biyar ba tare da ya taɓa shi ba. Wane direba ne a duniya zai ɗaga ƙafa daga totur a wannan lokaci?

Sannan mutane suna magana kamar tsere ɗaya aka yi a shekarar, alhali 22 aka yi. Verstappen ya ci 10, Hamilton ya ci 8. A Baku yana kan gaba tayarsa ta fashe ba da laifinsa ba. A Silverstone Hamilton ya taɓa shi a kwanar Copse, ya daki shinge da ƙarfin da aka auna ya kai 51G, aka kai shi asibiti, shi kuma Hamilton aka ci shi tarar daƙiƙa 10 kawai, ya je ya ci tseren, tazarar maki 33 ta dawo 8. A Hangari kuma Valtteri Bottas na Mercedes ne ya haddasa karon da ya lalata masa mota tun a kwanar farko. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, Yaya. Da ba don waɗannan ba, da ba a kai Abu Dhabi ana kunnen doki ba.

Injiniya Bashir

Ina ganin ku biyun kuna magana ne a kan abubuwa biyu daban. Auwalu yana magana a kan wanda ya cancanci kambun shekara, Baban Khalifa kuma yana magana a kan yadda aka gudanar da mintunan ƙarshe. Bari in tsaya a kan na biyun, domin a nan ne dokar take a rubuce.

Idan motar kariya ta fito, duk motoci suna jeruwa a bayanta, tazarar da ke tsakaninsu ta shafe. Wannan ba zalunci ba ne, haka wasan yake, kuma kowane direba ya taɓa cin ribarsa ya taɓa yin asara a kansa. Da Verstappen ya shiga ya sa taya mai laushi, wadda ta fi gudu, ya fito, motoci biyar da aka riga aka yi wa zagaye suna tsakaninsa da Hamilton: na Lando Norris, Fernando Alonso, Esteban Ocon, Charles Leclerc da Sebastian Vettel. Da farko daraktan tsere, Michael Masi, ya aika saƙo cewa motocin da aka yi wa zagaye ba za su wuce motar kariya su fita daga tsakanin na gaba ba. A zagaye na 57 sai ya sauya magana, ya ce waɗannan biyar ɗin kaɗai su wuce, ya bar na Daniel Ricciardo, Lance Stroll da Mick Schumacher a inda suke. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma ya shafi har Carlos Sainz da ke na uku, domin an share wa Verstappen hanya a gabansa amma an bar wa Sainz motoci a tsakaninsa da Verstappen.

Kuskure na biyu ya fi girma. Sashe na 48.12 na dokokin wasan a lokacin ya ce bayan motar ƙarshe ta wuce, motar kariya za ta koma ciki ne a ƙarshen zagayen da ke biye. Zagayen da ke biye shi ne na 58, wato na ƙarshe. Da an bi wannan, da tseren ya ƙare a bayan motar kariya, Hamilton na gaba. Amma aka janye ta a ƙarshen zagaye na 57 ɗin nan take. Alƙalan tsere sun yi watsi da ƙorafin Mercedes a daren, suka dogara da sashe na 48.13 da kuma na 15.3 da ya ba darakta iko a kan motar kariya. Sai dai shi kansa Masi, bayan tseren Nürburgring na 2020, ya bayyana cewa doka ta wajabta a bar dukkan motocin da aka yi wa zagaye su wuce.

Auwalu Maraɗi

Injiniya, na yarda da bayanin doka, amma ina da tambaya. Me ya hana Mercedes su kira Hamilton ya canza taya? Sau biyu suka samu dama, lokacin da motar Antonio Giovinazzi ta tsaya aka rage wa kowa gudu, da kuma bayan haɗarin Latifi. Sau biyun suka bar shi a kan tayar da aka sa masa tun zagaye na 14. Wannan ai shawararsu ce.

Injiniya Bashir

Ƙanena, amsar tana cikin dokar da na ambata. Wanda ke gaba shi ne yake fara isowa bakin hanyar shiga wurin makanikai, don haka shi ke fara yanke shawara, na biye kuma sai ya yi akasin abin da ya gani. Da Hamilton ya shiga, da Verstappen ya zauna a waje ya karɓi jagoranci. To da tseren ya ƙare a bayan motar kariya, kamar yadda lissafin zagayen da suka rage yake nunawa, da Mercedes sun miƙa kambu da hannunsu. Sun yi lissafinsu ne bisa dokar da kowa ya sani, kuma lissafin daidai ne. Red Bull kuwa ba su da abin da za su rasa, shi ya sa suka shiga. Ba za ka zargi mutum da rashin dabara ba idan an sauya masa ƙa'ida bayan ya gama yanke shawara.

Maman Ilham

Ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai wanda kullum ake ambaton sunansa a wuce kamar ba mutum ba ne, wato Latifi. Yaron nan ɗan Kanada yana can baya yana fafatawa da Mick Schumacher a kan matsayin da ba ya kawo maki, tayarsa ta kwashi datti, mota ta ƙwace masa a kwana ta 14. Irin wannan kuskure babu direban da bai taɓa yin sa ba. Amma kafin a yi kwana goma sai da ya fito ya rubuta doguwar sanarwa yana cewa an yi masa barazanar kisa, kuma daga baya ya faɗa cewa sai da ya ɗauki masu gadi lokacin da ya koma Landan. Wasu har suna cewa da gangan ya yi, alhali motarsa ta Williams injin Mercedes take amfani da shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi damuna shi ne mu magoya bayan Hamilton mun san ɗacin wannan. Bayan Silverstone a watan Yuli na shekarar, an cika shafukansa da zagin launin fata, har sai da hukumar FIA mai kula da dokokin wasan da masu Formula 1 da Mercedes suka fitar da sanarwa tare, Red Bull ma suka yi tir da abin. Mun ji zafin haka ƙwarai, domin da yawa daga cikinmu mun fara kallon wasan nan ne saboda mun ga baƙar fata na farko a cikinsa, wanda mahaifinsa ya riƙa haɗa ayyuka da dama don ya biya masa kuɗin ƙananan motocin tsere. Wata biyar bayan nan sai ga wasu daga cikinmu suna yi wa wani ɗan mutane abin da muka yi kuka a kansa. Baban Khalifa, shi ya sa nake jin tsoron kalmar sata. Idan aka ce an yi sata, matasa sukan fita neman ɓarawo, kuma wanda ya fi rauni suke kamawa.

Baban Khalifa

Hajiya, Allah ya saka da alheri, maganarki ta shige ni. Ban taɓa zagin Latifi ba, kuma ba na tare da masu yin haka. Amma ina so a fahimci dalilin da ya sa raunin bai warke ba. Auwalu ya lissafo asarar Verstappen, bai lissafo ta ɗaya ɓangaren ba. A Spa ta Beljiyam ba a yi tsere ba sam saboda ruwan sama, 'yan zagaye aka yi a bayan motar kariya aka raba rabin maki, Verstappen ya samu 12.5, Hamilton 7.5. A Monza motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, tayar baya ta taɓa hular kwanonsa, ƙarfen kariyar da ke saman kai ne ya cece shi, kuma alƙalai suka ce Verstappen ya fi laifi. A Brazil an soke wa Hamilton sakamakon neman gurbi saboda fiffiken baya, ya tashi daga na 20 a gajeren tseren Asabar ya gama na biyar, ranar Lahadi ya tashi daga na 10 saboda tarar canza inji, ya ci tseren duk da Verstappen ya tura shi wajen hanya ba a hukunta shi ba. Daga nan ya ci Ƙatar, ya ci Jidda. Mutum mai shekara 36 ya yi wannan dawowa, ya zo ranar ƙarshe ya fi kowa gudu, kambu na takwas da zai ɗora shi sama da Michael Schumacher yana hannunsa, sai wani da ke zaune a ofis ya karɓe. Ta yaya zan kira wannan sa'a kawai?

Auwalu Maraɗi

Yaya, tun da ana lissafi, a ƙara da Imola, inda Hamilton ya faɗa cikin tsakuwa aka yi masa zagaye, jar tuta, wato tsayar da tsere, ta dawo da shi cikin tsere ya gama na biyu. A ƙara da zagayen farko na Abu Dhabi ɗin kanta, inda ya yanke kwana ta shida ya riƙe matsayinsa, alƙalai suka ce ba sai an bincika ba. Kuma kada a manta da aikin Sergio Pérez, wanda ya tare Hamilton a kan tsohuwar taya har tazarar kusan daƙiƙa takwas ta narke. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malam Tijjani

Ni na fara kallon wasan nan tun zamanin Schumacher yana Benetton, don haka ku yi haƙuri in mayar da ku baya kaɗan. A 1994 a Adelaide, Schumacher da Damon Hill suka yi karo a tseren ƙarshe, Schumacher ya ɗauki kambu da maki ɗaya, kuma har yau Turawan Ingila ba su daina maganar ba. A 1997 a Jerez ya sake gwada irin haka a kan Jacques Villeneuve, wannan karon aka cire shi daga jadawalin shekarar gaba ɗaya. A 2008 a Interlagos ta Brazil, Felipe Massa ya ci tseren a gaban mutanen ƙasarsa, iyalinsa sun fara murna, sai Hamilton ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ya zama na biyar, ya ɗauki kambu da maki 98 da 97. Glock yana kan tayar busasshiyar hanya ne ana ruwa, motarsa ba ta iya riƙe ƙasa, amma shekara da shekaru ana zarginsa da cewa da gangan ya ba da hanya. Abin da aka yi wa Latifi, an riga an yi wa Glock, kuma a wancan karon Hamilton ne ya amfana.

Sai dai, Auwalu, kada ka ɗauka ina goyon bayanka gaba ɗaya. Duk misalan da na kawo, direbobi ne ko ruwan sama suka yanke hukunci. Imola da Baku da Spa ma, ko sun yi daɗi ko ba su yi ba, an bi abin da ke rubuce. Abu Dhabi ta bambanta domin alƙalin wasa ne ya kauce wa littafinsa. Hujjata ita ce abin da hukumar ta yi da kanta daga baya: a watan Fabrairu na 2022, sabon shugabanta Mohammed Ben Sulayem ya sauke Masi ya naɗa mutum biyu a madadinsa, Niels Wittich da Eduardo Freitas, a watan Maris rahotonta ya amsa cewa an yi kuskure irin na ɗan Adam, ko da yake ya ce Masi ya yi aiki da kyakkyawar niyya kuma sakamakon yana nan daram, an gyara lafazin dokar ya koma dukkan motoci ƙarara, an kuma hana shugabannin ƙungiyoyi kiran darakta kai tsaye ana cikin tsere. Ba a sauke mutum a gyara doka idan komai ya tafi daidai.

Maman Ilham

Malam, wannan batu na kiran darakta yana da muhimmanci. Duk mun ji a talabijin yadda Toto Wolff na Mercedes da Christian Horner da Jonathan Wheatley na Red Bull suke matsa wa mutum ɗaya lamba ta rediyo, kowa yana ja ɓangarensa, alhali akwai ma'aikata a kan hanya suna kwashe tarkacen mota. Masi ya gaji kujerar ne kwatsam a 2019 bayan rasuwar Charlie Whiting a Melbourne, ana saura kwanaki a fara kakar. Ƙungiyoyin da kansu sun amince tun farko cewa an fi so tsere ya ƙare ana gudu, ba a bayan motar kariya ba. Ya yi kuskure babba, ban musa ba, amma shi ma daga baya ya ce an yi masa barazanar kisa, shi da iyalinsa. Tsarin da ya bar mutum ɗaya a tsakiyar wannan hayaniya yana da nasa kason.

Baban Khalifa

To ina za mu ajiye batun kuɗi? A watan Oktoba na 2022 an tabbatar Red Bull sun wuce iyakar kashe kuɗi ta 2021, wadda aka ƙayyade a dala miliyan 145, aka ci su tarar dala miliyan 7 aka rage musu kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajin yadda iska ke bin jikin mota. A shekarar da aka rabu da maki takwas kacal, 395.5 da 387.5, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya Bashir

Gaskiya ne an same su da laifi, kuma abin da suka wuce da shi ya kai kimanin fam miliyan 1.8. Hukumar ta sanya shi a rukunin ƙaramin saɓo domin bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, ta kuma ce ba ta ga alamar sun yi niyyar ɓoye wani abu ba. Mutum zai iya cewa hukuncin ya yi sauƙi, ni ma ina da wannan ra'ayi, amma laifi ne na masu lissafin ƙungiya, ba na wanda ke riƙe da sitiyari ba.

Auwalu Maraɗi

Na karɓi maganar Malam Tijjani cewa ba a bi doka ba a ranar. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a riƙa yi wa Verstappen ihu a kan mumbari kamar shi ya rubuta saƙon. An yi masa ihu a Silverstone a 2022, mako guda bayan nan kuma wasu magoya bayansa suka yi shewa lokacin da Hamilton ya daki bango a Ostiriya, kuma wannan ma abin kunya ne a wurina. Wanda ya ci tsere 15 a 2022, ya ci 19 cikin 22 a 2023, bai kamata a ce har yanzu ana tambayar ko ya iya tuƙi ba.

Baban Khalifa

Ban taɓa cewa bai iya tuƙi ba, ƙanena. Na janye kalmar sata, saboda Hajiya ta nuna mini inda take kai mutane, kuma saboda Hamilton da kansa ya je ya miƙa wa Verstappen hannu a daren, mahaifinsa Anthony ma ya je ya taya Max da mahaifinsa Jos murna. Idan su da abin ya shafa sun iya yin haka, ni da nake kallo daga falona ban da hujjar wuce su. Amma ba zan ce an yi adalci ba. A Monza a 2022 motar Ricciardo ta tsaya saura 'yan zagaye, aka bi doka sau da ƙafa, tseren ya ƙare a bayan motar kariya, Verstappen ya ci, magoya bayan Ferrari suka yi ta ihu, kuma babu wanda ya sauya ƙa'ida don a faranta musu. Injiniya, tambaya ɗaya ta rage mini: idan har ana son a ƙare ana gudu, akwai hanyar da doka ta yarda da ita a ranar?

Injiniya Bashir

Akwai, kuma an yi amfani da ita a shekarar. A Baku, bayan tayar Verstappen ta fashe, Masi ya ɗaga jar tuta, aka tsayar da tsere, aka share hanya, kowa ya samu damar canza taya, aka sake tashi daga tsaye don zagaye biyu, Pérez ya ci. Da an yi haka a zagaye na 53 ko 54 a Yas Marina, da Hamilton da Verstappen sun jeru a layin gaba, kowa da sabuwar taya mai laushi, da zagaye uku ko huɗu a gabansu. Masu adawa da wannan suna cewa haɗarin Latifi bai kai girman da za a tsayar da tsere ba, kuma ɗaga jar tuta don nishaɗi kawai shi ma wasa ne da ƙa'ida. Ina ganin ƙarfin wannan hujja. Duk da haka, ikon tsayar da tsere yana hannun darakta a rubuce, saɓanin zaɓar motoci biyar a bar uku. Hamilton zai rasa tazararsa ta sama da daƙiƙa goma, amma wannan ya riga ya rasa ta tun lokacin da motar kariya ta fito, kuma a kan taya iri ɗaya motarsa ce ta fi gudu a daren.